Rasuwar Taguwa, Motar da Ta Shanye Ruwan Gidana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da haushi, ni Tanko direba na Belbeji nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Landiroba, wadda kowa ya sani da suna Taguwa. Ta cika a bazarar bana ta 1984, cikin rairayi a hanyar Tanut, da buhunan hatsi a bayanta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki gero da cuku da awaki da mata masu naƙuda, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Gaisuwarta ta safe ita ce "kir-kir-kir, burum!" Sunanta ma juriyar ƙishirwa ce ta ba ta shi, don takan je Tanut ta dawo ba ta nemi ko ɗigo ba.

Ba ta da wata cuta sai tarin tsufa. Na kai ta garejin Dodo makaniki ya sauke inji, ya yi gyaran gaba ɗaya, ya rantse mini ta koma budurwa. Budurwa fa! Tun ranar ta kama shan ruwa. In cika radiyata, wato tankin ruwan injin, da safe, kafin la'asar ruwan ya yi ƙasa. Dodo ya ce murfi ne, aka sake murfi. Ya ce tiyo ne, aka sake tiyo. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta ta kwana, na tarar da ita bushe ƙayau. Nan Dodo ya kaɗa kai, ya ce ruwan da bai zuba ƙasa ba, hannu ne ke kwasarsa, in bincika gidana.

To, mai jinyar marigayiya ita ce matata Zalika. A wannan shekara ta fari, da rijiya ta yi ƙasa, ita ke jan guga har igiya ta saɓule mata tafin hannu, ta hana kanta wanki don Taguwa ta sha. Ita na tambaya, a gaban maƙwabta, ko tana zuƙe ruwan motar ta mai da shi randa. Ta nuna mini hannuwanta, ta ɗaure kayanta, ta tafi gidansu a Tarka.

Zalika ta tafi, ruwa bai daina tafiya ba. Farin hayaƙi ya biyo baya, radiyata na ta "ɓul-ɓul-ɓul" kamar tukunyar tuwo. Na zaro sandar gwajin mai, sai ga man ya koma kamar shayi da madara. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fuuush".

Da aka buɗe gawa a Tanut, gaskiya ta fito. Juwan kulas ne, faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ashe tsohon faifan ne Dodo ya mayar, ya shafe shi da gam, ya ɗaure kusoshi yadda ransa ya so. Ta nan ruwan ke kwarara ciki, marigayiya na shanye shi a ɓoye. Haba Dodo! Allah ya isa tsakanina da kai.

Ta rasu ta bar tayoyi masu sauran rai, da batir, da sabon murfin da bai yi laifin kome ba, da ni.

Jana'iza ranar Asabar da hantsi, in an sami raƙuman da za su jawo ta gindin aduwar bayan tasha. Kada Dodo ya zo. Daga can zan wuce Tarka biko a kan jakin aro, in surukaina sun bari na yi sallama. Masu ta'aziyya su yi haƙuri, ba za a yi zaman makoki a gida ba. Randa ta bushe, babu mai ba baƙo ruwa.