Dokta Harshe a Bikin Wake

Duk faɗin Italiya babu mai harshe irin na Dokta Ermenegildo Pancrazi. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma mai farar kwat irin tasa ba ya ƙarya. Shekara talatin ya yi a Milano yana buga hatimi a ofishin inshora, harshen nan na kwance cikin baki ba wanda ya san darajarsa. Da ya yi ritaya sai tausayin ƙasa ya kama shi. Ya sayi littafi mai bangon fata da cokalin azurfa, ya shiga bin ƙauyuka: yau bikin albasa, gobe na dodon koɗi. Duk inda aka ɗora tukunya yana nan, yana yi wa tsofaffi bayanin abin da suke dafawa tun kafin a haife shi. Mu a ƙauyen Pietracorva, Dokta Harshe muke ce masa. Ya ji, ya kuma yarda sunan ya dace.

Namu bikin na wake ne, Lahadin ƙarshe ta Satumba. Unguwar Tudu ta dafa miyarta, Unguwar Gangare ta dafa tata, wadda ta ci ta tafi da ludayin tagulla. Iya Tersilla ce ke riƙe da tukunyar Tudu, Iya Argia ta Gangare, kuma shekara arba'in ba sa gaisawa sai a jana'iza. Alƙalanci a nan ba wasa ba ne. Wanzaminmu da ya yi alƙalancin bara, har yau rabin gari na zuwa aski wani ƙauye. Don haka da Dokta ya aiko cewa zai iya sadaukar da kansa, magajin gari bai bari ya sake tunani ba.

Ya iso da hantsi. Ya tsaya tsakiyar dandali, ya lumshe ido, ya shaƙi iska.

"Itacen zaitun," in ji shi. "Busasshe, na shekara biyu. Birni ya manta da wannan wuta."

Da gas muke dahuwa tun zamanin kakana. Muka gyaɗa kai.

Daga nan ya tare Oreste, wanda gonarsa ke ba mu waken, ya koya masa lokacin shuka. Oreste ya cire hula ya saurara har ƙarshe, don kurma ne. Sai Dokta ya shiga coci ya yi wa fada, limamin cocin, bayanin zanen da fada ke kallo kullum.

Yana can ciki abin ya faru. Ƙanwar Iya Argia ta bugo waya daga Ostiraliya, hira ta yi daɗi, tukunyar Gangare ta kama. Ƙauri ya cika lungu. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, ba ta taɓa ƙona ko ruwan zafi ba, ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da tsumman hannu.

Can sai ga Iya Tersilla ta ratso dandali, surukanta biyu na biye da ita ɗauke da rabin miyarta.

"Tashi ki juye," ta ce. "Ba don ke na yi ba. Ba zan yi gasa da tukunyar da ba kome a ciki ba."

"Wa ya roƙe ki?"

"Fuskarki. Yi sauri kafin ta huce."

Gari duka ya gani. Ba wanda ya ga dalilin damun baƙo da ƙananan maganganu.

Da rana aka cika dogayen tebura. Aka ajiye wa Dokta kwano biyu. Ya ƙi cokalin roba, ya zaro nasa daga aljihu, ya nemi a dakatar da masu kiɗa. Ya ɗanɗani ta Tudu. Ya daɗe yana kallon sama.

"Wannan miya," in ji shi, "ta yi ƙoƙari. Amma an dafa ta da gaggawa, kuma mai dafa ta ba ta saurari waken ba. Wake yana magana, jama'a. A nan an katse shi."

Iya Tersilla ta gyara zaman tabaranta.

Ya kurkure baki, ya ɗanɗani ta Gangare. Ya ajiye cokalin.

"To, ga miya. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai daga nan zuwa Milano. Wannan hannu daban, ƙasar da ta ba da waken daban. Ina jin iskar gangare a ciki. Harshen da bai horu ba zai ce ɗaya suke, na sani. Abin da ya kawo ni ke nan."

Aka yi tafi. Mutanen Gangare suka karɓi ludayi suna kallon takalmansu.

Da zai tafi ya nemi a zuba masa miyar da ta ci a kwalba, ya kai wa abokansa su ga abin da ya gano. Ta Gangare ta ƙare, sai Iya Argia ta zagaya baya ta cika kwalbar daga tukunyar Tudu. Ya buɗe, ya ɗanɗana, ya tabbatar ita ce. Da yake mutum ne mai karamci, ya kira wadda ta faɗi.

"Iya, kada ki karaya. Ɗanɗana wannan. Ko a shekarunki ana koyo."

Iya Tersilla ta karɓi cokalin azurfa, ta goge shi da gefen zanenta, ta ɗanɗana.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Tun da asuba da nake dafa ta na faɗa."

Dokta ya kalle ta, ya kalli kwalbar, ya kalli Iya Argia.

"Ni dai tawa ta ƙone tun ƙarfe goma," in ji Iya Argia. "In kun cinye, Dokta, a aiko min da kwalbata."