Ranar Da Na Yanke Wa Kyalla Hukunci

Ba zan taɓa mantawa da idon saniyar nan ba, ko da na so. Shekarar da na gama jami'a ce, na koma rugarmu a Ruwan Bago, kaina cike fal da ilimin ƙwayoyin halittar jiki, ina neman wanda zan juye wa.

Kyalla saniyar Goggo ce, ƙanwar babana. Ita kaɗai ta rage mata, da nononta take rufa wa kanta asiri. Kwana biyu da haihuwa, da rana tsaka, ta kwanta ta kasa tashi. Ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙari. Kunnuwanta sanyi ƙalau, ƙuda na yawo a bakin idonta ba ta ƙiftawa. Sauran shanu suka daina tuƙa suka yi cirko-cirko, ko ɗan maraƙin bai yi kuka ba. Gaskiya na tsorata, digiri ne ya hana ni nunawa.

Baffa, yayan babana, ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, me ka gani?" (Ranar ya fara kirana Malam, ranar kuma ya daina.)

Na gyara murya. Na ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan ɗaki, nan ake haɗa sinadaran gina jiki, nan ake ajiye kalsiyam. In aiki ya yi masa yawa, ko kalsiyam ya rikice, sai ƙwayar ta kashe kanta. "Na jikin Kyalla sun riga sun sallama, Baffa. A yanka ta kafin ta zama mushe."

Goggo ta ce, "Ɗan nan, an yi wa malamin dabbobi waya, yana tafe daga Rogo."

Na ce ko daga Kano yake, bai fi littafi sani ba.

Aka haƙa ramin jini, aka juya ta alƙibla, ni na riƙe igiya. Ba ka jin komai sai wuƙar Baffa a kan dutse. Can idon nan da ba ya motsi ya juyo a hankali, ya tsaya a kaina.

Sai ga ƙarar babur. Malamin ya taɓa kunnenta, ya tambayi ranar haihuwa, ya ce nono ne ya janye mata kalsiyam daga jini. Ya soka allura a jijiyar wuya, ya ɗaga kwalbar ruwan kalsiyam. Kafin ta ƙare Kyalla ta yi gyatsa, jikinta ya hau ɓari, ta miƙe tsaye. Ni kuwa na saki wata ƙara da ban san ina da ita ba, na faɗa ramin jinin da na sa aka haƙa.

"Wa ya ce a yanka?" in ji malamin. Kowa ya juyo ya dube ni, har da Kyalla.

Da Baffa ya maimaita masa laccata, sai malamin ya ce mini, "Ai ka tsallake shafi. Ƙwayar rage aiki take fara yi, ta gwada gyara, sai abin ya ci tura take kashe kanta." (Na tuna, har a jarrabawa an tambaye mu.)

Kyalla na nan da ranta. In na je, takan daina tuƙa ta zuba mini ido, Goggo kuma ta dama mini fura da nononta, ta tsaya sai na shanye. Na dai gane ƙwayar da ido ba ya gani ma ta fi ni haƙuri. Yanzu in an ce me na gani, cewa nake a jira mai babur.