Ranar da Na Bar Surukina a Bayan Tudu

Na gaji da jin labarin nan a bakin mutane, gara in faɗe shi da kaina.

Da na sayi ƴar rimok, wato keken kaya da ake jonawa a bayan mota, don tsohuwar motata katkat ta riƙa ja, Ila mai walda ya ce: "Malam, sa ƙugiya mai zobe. Hanyarmu rairayi ce da ramu, wanga mai ƙwallo na kwalta ne." Na dubi zoben duk tsatsa, na dubi ƙwallon yana walƙiya. Na tuna wa Ila cewa ni na yi lakwal, ɗan boko ne ni, na zaɓi ƙwallo.

Ranar kasuwar Dakoro na je Ɗan Gulbi ɗauko surukina da ragunansa huɗu. Kunya ta hana shi zama kusa da ni, ya ce a rimok zai zauna ya kula da dabbobi. Ni ma kunya ta hana ni duba madubi, kada mu haɗa ido.

Bayan wani tudu sai na ji mota ta yi sakayau. Har na ce a raina, ina ma Ila ya ga wannan gudu!

A bakin kasuwa na fito, na durƙusa, kai a sunkuye, na ce: "Baba, mun iso." Shiru. Da na ɗago, babu Baba, babu raguna, babu rimok, sai dillalai sun kewaye ni suna neman wanda nake wa ladabi.

Bayan la'asar Baba ya iso a amalanken shanu, kasuwar raguna ta watse. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Amma har yau, in na ce ya zo in rage masa hanya, sai ya ce: "A'a, ɗana, tahi abinka. Yau sauri nike."