Yadda Ake Zumunci da Akori-kurar da Kamfaninta Ke Nema

Kai mai son a nuna da baki a ce "ga motar wane can", matso kusa. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin kaka ta zagayo ka mallaki akori-kura, sunanka ya zaga Kankiya da Kusada, iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu faɗa da kai a kan zumunci. Ban ce motar za ta kai ka inda ka nufa ba. Wannan wani fanni ne daban, mu ba mu karanta shi ba.

Malaminmu a wannan ilimi shi ne Ashiru, mai sayen hatsi a Kankiya, mijin Rauda, surukin Malam Manu na Bauranya. A gabansa muka ɗauki karatu, da shi za mu yi misali.

Mataki na ɗaya: Ka sayi wadda ake nema

Kada ka je da bakanike. Bakanike mutum ne mai ɓata ciniki, kunnensa ba ya jin komai sai aibu. Ka je da zuciyarka da sabuwar shadda.

Kafin Ashiru ya je, ya riga ya ji a rediyo cewa kamfanin da ya ƙera irin motar, can ƙasar waje, ya yi shela a mayar masa da su, saboda injin in ya ɗauki zafi mutuwa yake yi ba sallama. Ya kuwa tambayi dillali. Dillali ya yi dariya har da dafa bonet.

"Haba Alhaji!" Ashiru ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba, amma ya amsa sunan, dillali ya ci gaba. "Ka taɓa ganin mutum ya rabu da mugun kaya, ya dawo yana roƙon a mayar mashi? Nadama suka yi. Har cewa suka yi duk mai ita ya kawo, su sake mata inji kyauta."

"A ina ake kaiwa?"

"Can inda aka ƙera ta."

"Da nisa?"

"Akwai ɗan teku a tsakani."

Ka lura: motar da masu ita ke kuka a kanta, ita ce mota. Biyu dillalin ya kawo, tagwaye, farare. Ashiru ya ɗauki ɗaya.

Mataki na biyu: Kada ka buɗe bonet a gaban jama'a

Za ta mutu. Wannan ba abin tattaunawa ba ne. Abin tambaya shi ne, me fuskarka za ta ce a lokacin?

Ta Ashiru ta fara ne a bakin garin Tafashiya, rana tsaka, mutane cike da gindin bishiya. Ta yi tari, ta yi shiru, ta gangara ta tsaya a ƙofar wani gida. Jahili sai ya fito ya buɗe bonet yana leƙe. Ashiru kuwa ya duba gidan, ya tuna na Gwaggo Karima ne, ƙanwar mahaifinsa, wadda rabonsa da ita tun tana da haƙoran gaba. Ya gyara hula, ya yi sallama.

"Ashiru? Kai ne? Da sabuwar mota, ni ka fara kawo ma?" Ta fashe da kuka.

"Wa nike da shi da ya wuce ki, Gwaggo?"

Kafin ta dama fura ya shanye, ta lissafa masa waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, inji ya huce. Ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

Mataki na uku: Ka shuka dangi a kan hanya

Ka san numfashin motarka, sannan ka nemo ɗan'uwa a ƙarshen kowane numfashi. Gwaggo, kawu, abokiyar wasan kakarka, wanda kuka yi makarantar allo da wansa. Inda babu kowa, akwai masallaci, nafila kuma ba ta da iyaka. In ka ga an shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ka shiga, daga baya ka tambayi wanda ya rasu.

Kuma kullum ka ajiye ta a gangare, hanci ƙasa. In an tambaye ka, ka ce inuwa kake bi.

Da haka Ashiru ya yi suna. A Sukuntuni har liman ya ambace shi a wajen ɗaurin aure, ya ce ga matashin da arziki bai raba shi da 'yan'uwa ba. Ashiru ya sunkuyar da kai. Aka ce tawali'u ne.

Mataki na huɗu: Matarka ta sani

A nan ba ni da dabarar ba ka. Rauda ta taɓa tura motar da goyo a baya, a hanyar gidan suna. Ka dai riƙa sayo tsire.

Mataki na biyar: Ka yabe ta a ko'ina, ban da gaban suruki

Wannan matakin da hawayen malaminmu aka rubuta shi. Ya je Bauranya gaisuwa, ya durƙusa nesa da tabarma, Malam Manu ya tambaye shi lafiyar mota. Cewa "da godiya" ta isa. Amma baki ya riga ya saba.

"Baba, ai wannan ba mota ba ce, baiwa ce. Kamfanin ma nemanta yake."

Tsoho ya juya yana kallon turke, inda bijiminsa biyu na huɗa ke cin harawa. Su ne nomansa, su ne amalankensa, su ne abin da gidan ke taƙama da shi. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya iso Kankiya: Malam zai sayar da shanun, ya sayi 'yar'uwar motar da ta rage a hannun dillali.

Rauda ta ajiye tuwo gaban mijinta, ba ta saki kwanon ba.

"Baban Ummu, ka faɗa mashi."

"In ce mashi mi? In dubi idon Baba in ce ƙarya na yi?"

"To ni in faɗa."

"Ki rufa mani asiri!"

"Asirinka ko shanun ubana? Da me zai yi huɗa bana, da zumuncinka? In shanun nan suka bar turke, ka nemo wadda za ta riƙa tura maka."

Mataki na shida: In baki ya kasa, ka bar mota ta yi magana

Malam Manu ya zo Kankiya, ya zagaya 'yar'uwar motar, ya ƙwanƙwasa ƙarfenta, ya ce ta yi. Ashiru ya buɗe baki sau da yawa, abin da ke fita kawai "Allah ya sa alheri". Aka loda wa motar Ashiru buhunan takin da tsohon ya saya, shi zai mayar da shi gida.

"Amma fa kada ka tsaya ko'ina," in ji Malam, yana gyara zama a gaba. "Na san halinka da ziyara. Dillalin shanu na can ƙofar gida yana jirana."

Suka kama hanya. Can ga gidan Gwaggo Karima, ga gangaren da aka saba, ga ta nan a ƙofa, don ta riga ta gane kukan injin. Ashiru ya san in ya ce a yi mata sannu kawai, inji ya huce, su isa lafiya, mutuncinsa ya tsira. Shanu kuma su tafi.

Ƙafarsa ta je kan birki. Ya ɗauke ta, ya taka totur. Ta madubi ya hango Gwaggo da ƙwarya a hannu, baki buɗe.

Ya jira motar ta mutu. Ta ƙi.

Ka rubuta wannan a zuciyarka: irin motar nan ba ta mutuwa sai ranar da kake buƙatarta, ba ta kuma lafiya sai ranar da kake son ta tona kanta. Ta wuce gidan kawu. Ta wuce masallacin da Ashiru ya fi ladaninsa yawan nafila. Tana tafiya sumul, Malam yana gyaɗa kai.

"Kai, madalla da ƙarfe! Ashe ma rage mata ka yi."

Gumi ya jiƙa shaddar Ashiru. Ya sa ta a ƙaramar giya, ya danne totur har tana kururuwa, ya bi da ita ta cikin yashi. A ransa yana roƙon abin da mai mota bai taɓa roƙa ba. Rumbunan Bauranya suka bayyana. Har ana iya hango mutum tsaye kusa da turke.

Sai ta yi tari. Ta yi wani. Ta saki hayaki ta gaba, ta tsaya a tsakiyar gonaki, inda ko bukka babu.

Malam Manu ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Halan akwai wani ɗan'uwa a nan?"

"Babu, Baba."

"Masallaci?"

"Babu."

"Haka take yi?"

Ashiru ya kafa ido a sitiyari. "Kullum, Baba."

Tsoho ya buɗe ƙofa. Ya sauka, ya saɓa rigarsa, ya nufi gari da ƙafa.

Mataki na bakwai: Ka riƙe sitiyari, ka yi murmushi

Da ya dawo, da bijimai biyu ya dawo, karkiya a wuya, igiya a hannunsa, dillalin shanu na bin sa yana tambayar lafiya. Malam ya ɗaura igiyar da kansa, ya yi masu tsawa. Akori-kura da takinta da mai ita suka shiga Bauranya a bayan shanu, mata na leƙe ta saman danga, maza sun taso daga majalisa.

"Malam, mota ta lalace ne?"

"Wace lalacewa? Ni na ce ya kashe ta. Gwada ma mai saye ƙarfin shanun nike yi." Ya juya ga dillali. "Ka gani?"

"Na gani, Malam. Na ma ƙara a kan tayina."

"Ni ma na gani. Na fasa."

Da jama'a suka watse, ya leƙo ta taga, ya rage murya. "Ziyarar nan dai kada ka bari, ɗan nan. Karima ta saba. In motar ta tsaya maka a wajenmu, ka aiko. Amma harawa kai za ka riƙa kawowa."

Yau duk Kankiya babu mai inji irin na Ashiru. Ɗaya yana shan mai a gaban mota, biyu suna cin harawa a Bauranya. Rauda kuma ta saki kwano.

Barranta

Mai wannan jagora ba shi da hannu a cikin duk abin da ya same ka: ciwon baya, tumbin fura, dangin da suka saba da ganinka har suka fara aiko maka ɗinkin sallah, ko surukin da ba shi da shanu. Kamfani ya kira, kai ne ka ƙi amsawa. Mai ƙorafi kada ya neme ni a gida, ba a cika samuna ba tun da dillalin motar nan ya yi mini ragi a kan 'yar'uwar ta Ashiru. Ya zo Sukuntuni, ya duba gidan da farar akori-kura ke tsaye a gangare, hanci ƙasa. Ina ciki, ina gaida wata inna da na gano kwanan nan. In zai zo, ya taho da mutum biyu masu ƙarfi.