Kayen da Na Sha a Fakku

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je Fakku bakina cike da ilimi, na dawo yana cike da rairayi ba.

Lokacin ina malamin wasanni a wata sakandare a Tambuwal, ban daɗe da dawowa daga wata bita a Sakkwato ba. A can aka koya mana cewa ɗan wasa in ya rufe ido ya hango wasan a zuciyarsa kafin ya shiga fili, gabansa ba ya faɗuwa, jikinsa kuma yakan bi abin da ya hango. Kwana uku aka yi ana bitar, amma na shekara ina ba da labarinta (har mai shayin bakin tasha sai da ya sha lacca).

Bayan kaka aka yi bikin yayan Hadiza, yarinyar da nake nema, aka shirya kokawa a can Fakku bayan la'asar. Mahaifinta na zaune a kujerar gaba, ni kuwa ina ta neman hanyar da zai san ba ƙaramin suruki zai samu ba.

A gefen fage na ga wani mutum siriri, furfura ta fara fito masa, zaune a ƙasa ido rufe. Aka ce Sahabi ke nan, manomi ne mai 'yan shanu, shi zai kara da wani ƙato daga Dogon Daji mai wuya kamar turmi. Tausayinsa ya kama ni. Na durƙusa na fara koya masa yadda ake hango nasara.

Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya buɗe ido.

“Malam, tun da niz zauna nan, sau ukku na kada shi.”

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

“Kamun farko shina tura ni baya, in bar shi. Na biyu ma in bar shi. Na ukku shina mance ƙafatai ta hagu, nan nika ɗaukatai. Ka ce ma mai ganga shi matsa, nan za shi faɗi.”

Ban gaya wa mai ganga ba. Da na sani!

Wallahi kamar Sahabi ne ya rubuta wasan ya ba ƙaton ya haddace. Turawa ta farko, ta biyu, a ta uku sai ga ƙafar hagu ta yi gaba ita kaɗai. Ban ga lokacin da hannunsa ya kai gare ta ba. Ƙasa kawai na ji ta amsa, mai ganga ya yi tsalle ya bar takalminsa ɗaya. Abin da aka yi mana da allo da majigi, ga shi wurin mutumin da bai taɓa jin sunan bita ba, kuma nasa har da inda mutum zai faɗi.

Da ina da hankali, da a nan na yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi yadda Alhaji, mahaifin Hadiza, zai ji, “Ai wannan dabarar mun karanta ta, ni ma ina koyar da ita.”

Nan take abokan ango suka ce to Malam ya gwada. Aka fito mini da Ɗanjuma tela, gajere, mai tumbi, ya girme ni da kusan shekara goma. Na tuɓe riga, na zauna kamar yadda Sahabi ya zauna, na rufe ido. Na ga an ɗaga ni sama ana kirari. Na ga mata na guɗa. Na ga Alhaji ya miƙe yana cewa a sa rana. Na tashi ina jin ko zaki aka kawo sai na murɗe shi.

Abin da na iya tunawa shi ne na miƙa hannu. Daga nan sai sararin sama, sai ƙasa. Guɗar kam an yi ta, kuma daga cikin masu yi na gane muryar Hadiza. Alhaji ma ya miƙe, amma riƙe da ciki.

Sahabi ne ya tashe ni, yana kaɗe mini baya.

“Malam, mi kag gani da kar rufe ido?”

Na ce, “Na ga an ɗaga ni sama.”

Ya jinjina kai. “To ai an ɗaga ka. Telan fa, ka gane shi ciki?”

Sai a lokacin na lura: duk hangen da na yi, babu Ɗanjuma a ciki, babu ƙafarsa, babu tawa. Shi kuwa Sahabi, na ji daga baya, kasuwa uku ya bi yana kallon yadda ƙaton nan yake taka ƙasa.

Har yau ina koya wa ɗalibaina su rufe ido kafin wasa, don na ga aikinsa da idona. Sai dai nakan ce musu: in kun rufe kuka ga ana tafa muku, ku buɗe da sauri, wannan mafarki ne.