Jami'ar da Na Zaɓa wa Jummai

Da Jummai, 'yar ƙanwata, ta ce harhaɗa magunguna za ta karanta, ni mai digirin gidanmu aka kira in ba da shawara. Ta ambaci jami'ar da malamanta suka yaba, na taɓe baki, na nuna musu wata a waya, mai benaye da furanni.

Ta ce, "Kawu, hukuma ta amince da kwas ɗinsu kuwa?"

Na ce, "Masu wannan ginin za a hana takarda?"

Can aka kai ta. Tana aji biyu aka rufe sashen, ashe hukuma ba ta amince da shi ba. Ta dawo hannu Rabbana, gaisuwarta ma yanzu daga nesa ce. Har yau ko akuya za a saya, sai ƙanwata ta ce, "A tambayi Yaya wacce yake so, mu ɗauki ɗayar."