Ranar da Na Kai Ƙarar Dankali

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da makon da na naɗa kaina ɗan sandan ciki a ɗakin dafa kayan tiyata.

Lokacin ina ɗalibi a makarantar koyon aikin lafiya, a shekarar da maganar shari'a ta cika gari, kowa a bakin shago ya zama alƙali. An tura ni aikin sanin makama na wata biyu a wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Jahun da Aujara. Ni ɗan Limawa ne a Dutse. Mahaifina malamin allo ne, kuma abin da na gada a wurinsa shi ne son rubutu mai tsabta. Magana kuwa ban gada ba ko kaɗan. Ni ne irin ɗalibin da ya san amsa sarai, amma da malami ya waiwayo sai ya sunkuya neman biro a ƙarƙashin benci. Ina da wani littafi mai baƙin bango (da kaina na ja masa layi da rula, shafi-shafi) wanda nake rubuta duk abin da na gani a ciki, har da ƙarfe nawa na gan shi.

Likita ɗaya ne a asibitin, kowa Dakta yake ce masa. Ɗan wanzami ne daga wani ƙauye a bayan Aujara. An ce da riƙe wa mahaifinsa zabira ya fara, daga nan ya yi shekaru a ɗakin gwaji yana duba jini da majina, sai da ya tara iyali sannan ya koma karatu ya fito likita. Bai taɓa yi mini tsawa ba, amma idan na hango shi a baranda sai in tuna ina da aiki a wata barandar.

A mako na biyu aka kai ni wurin Baba Hudu. Dattijo ne, lebura, ya daɗe a asibitin har ba wanda ya san farkon zuwansa. Aikinsa tukunyar tururi: wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai murfi da ake ɗaurewa da kusoshi, da agogo mai allura ɗaya a kanta. A kan risho ake ɗora ta, don wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu. Almakashi, hantsaki, allurar ɗinki, auduga, duk sai Baba ya naɗe su ƙunshi-ƙunshi a cikin ƙyalle, ya jera, ya rufe, ya zauna yana jan carbi yana kallon allurar. In sun dahu ya saki tururi, ya ɗan ɗaga murfin don su bushe, ya fita alwalar azahar. In ya dawo sai a kai su ɗakin wanke ciwo da ɗakin haihuwa.

A makaranta an koya mana cewa akwai wani salatif da ake manna wa kowane ƙunshi, wanda zanen jikinsa ke yin baƙi in tururi ya ratsa shi. Na duba ko'ina ban ga salatif ba. Na rubuta a littafina: "Babu salatif." Ban tambayi kowa ba.

Ranar Litinin, Baba ya fita alwala, ni kuma na leƙa tukunyar. A tsakiyar kayan na hango wani ɗan ƙunshi da ƙyallensa ya bambanta da sauran. Na tura hannu, na ture wannan, na ɗaga wancan, na zaro shi, na kwance.

Dankali. Dafaffen dankali, yana ta tururi, har da ƙamshinsa.

Tukunyar da ake dafa almakashin yanke cibiyar jarirai, ita ce Baba ya mayar madafar abincin ranarsa! Na tuna duk hotunan ƙwayoyin cuta da na taɓa kwafa a littafi. Nan take na jefa shi a leda, na rubuta "Litinin, ƙarfe ɗaya da minti ashirin" a 'yar takarda na saka a ciki, na cusa a jaka. Na koma na zauna kamar ban taɓa motsawa ba.

Baba ya dawo yana share ruwa a gemu. Ya leƙa tukunya, ya daɗe yana kallo. Ya dube ni, na dubi rufin ɗaki. Ya fita ya dawo da wani abu a hannun riga, ya kwashe kayan kaf, ya sake naɗewa, ya jera, ya kunna risho. Na rubuta: "Ya sake ɗora wani. Bai daddara ba."

Ran nan sai bayan la'asar aka fara wanke wa mutane ciwo.

Talata ma haka, na sake kama dankali na biyu. Baba ya sake dafa kaya, mutane suka sake yin jira a gindin darbejiya. Hajiya Asabe, babbar nas, ta faɗo ɗakin kamar iska.

"Baba Hudu! Wai tuwon biki kake tuƙawa ne a nan? Mata tun hantsi suke zaune, kananzir ɗin mako guda ka ƙona a kwana biyu!"

"A yi haƙuri, Hajiya."

"Haƙurin me? In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, a nemo mai jini a jika."

Ya ce, "To, Hajiya." Ni kuwa na rubuta lokacin shigowarta da na fitarta.

Ranar Laraba da safe Baba ya ajiye mini wani ɗan kwano a gabana. Na buɗe, dankali ne dafaffe, da ƙuli-ƙuli dakakke da yaji.

"Ci, ɗana. Daga gida aka dafo. Ka ci ka ƙoshi tun da safe."

Na ce a raina, toshiyar baki! Ya gane ni ne, yana so ya saye ni. Na ƙudurta ba za a saye ni da dankali ba. (Na cinye shi tas. Ban karya ba ran nan, kuma yajin ya yi daɗi. Amma na rubuta shi a littafi a matsayin hujja.) Da azahar kuma na zaro na uku.

Kada ku ɗauka abin bai dame ni ba. Ina son tsohon nan. Shi ne ya nuna mini inda ake samun ruwan randa mai sanyi, shi ne mutum ɗaya da bai taɓa ce mini "kai ba ka magana ne?" ba. Amma na gaya wa kaina rayukan jarirai sun fi kwanon dankali.

Duk ranar Alhamis da safe ana taro a ofishin Dakta. Mu wajen goma ne, wasu a benci, wasu a tsaye. Hajiya Asabe ba ta jira an gama gaisuwa ba. Ta zayyana jinkirin kwana uku, ta ce ita dai ta gaji, a rubuta wa ƙaramar hukuma a sallami Baba ya je ya huta. Dakta ya juya.

"Baba, me ke faruwa da tukunyar?"

Baba ya murza hularsa a hannu. "Tsufa ne, ranka ya daɗe."

"Tsufa ne ya sa ake dafa kaya sau biyu?"

"Tsufa ne."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ga ni a tsakiyar ofis, littafi a hagu, leda a dama.

"Ranka ya daɗe, ba tsufa ba ne. Ina da bayani."

Wani ma'aikacin ɗakin magani ya ce, "Au, ashe yana da baki."

Na buɗe shafi na karanto komai, rana-rana, minti-minti. Sannan na jera su a kan teburin Dakta, kowanne da takardarsa: Litinin, Talata, Laraba. (Na Litinin ya fara tsami.) Na rufe da jimlar da na haddace tun a hanya: "Ana dafa abinci a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, kuma wannan ya saɓa wa ƙa'ida."

Dakta ya cire tabarau. Ya dubi dankalin, ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Hajiya Asabe ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Ashe kai ne!" Sai ofis ya fashe da dariya. Mai ɗakin magani har da durƙusawa.

Da Dakta ya samu numfashi sai ya ce, "Zauna, malam. Wannan dankalin nawa ne."

Ya ɗauki na Laraba yana juya shi. Ya ce salatif ɗin da nake nema, rabon da a aiko musu shi har ya manta. Agogon tukunya kuma yakan yi ƙarya: allura ta hau, amma in kaya sun cushe ko iska ta maƙale a ciki, tururi ba ya kaiwa tsakiya. "A ɗakin gwaji na ga abin da ke tsira a jikin almakashin da kowa ya rantse ya dahu. Shi ya sa da na zo nan na zauna na yi tunani. Me muke da shi a kowace kasuwa, wanda zai faɗa mana gaskiyar tsakiyar tukunya? Sai na ce a wanke ɗan dankali, a naɗe shi dam, a sa a inda tururi ya fi wuyar kaiwa. Dafaffe ba ya rantse maka cewa kowace ƙwaya ta mutu. Amma in ka latsa ka ji shi da tauri, ka tabbata tururi bai shiga ba, kada ka kuskura ka taɓa mutum da kayan nan. Baba ba ya sakin ko allura sai ya latsa dankalinsa."

Na fara tattara takarduna a hankali, da fatan an gama.

"Tsaya," in ji Dakta. "Da me ka ciro su?"

"Ranka ya daɗe?"

"Daga tsakiyar tukunya. Da me?"

Na dubi hannuna. Kowa ya dubi hannuna.

"Wato kwana uku kana cusa wannan a cikin kayan haihuwa, kana turewa kana ɗagawa." Bai ɗaga murya ba, kuma babu wanda ya yi dariya a nan. "Da Baba bai sake dafawa ba, da yanzu wata maganar muke yi."

Ya juya wajen tsohon. "Kai kuma, ka san shi ne, har za a kore ka, ka ƙi faɗa?"

Baba ya yi ƙasa da kai. "Ranka ya daɗe, na zaci yunwa ce. Yaro ya baro gidansu, ba ya iya roƙo, ba ya iya magana. In na tona shi a gaban mutane, da wane ido zai dubi jama'a? Na ce bari in riƙa kawo masa daga gida, ko ya ƙyale na tukunya." Ya ɗan dube ni. "Sai na ga ya ci na kwano, ya kuma ɗauki na tukunya. Na ce kai, yunwar nan ta yi tsanani."

Dariyar da aka yi a karo na biyu ta fi ta farko. Mai ɗakin magani ya ce, "Hajiya, yanzu fa shari'a ake yi, ga ɓarawo ga kaya ga iƙirari a rubuce!" Hajiya tana share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Ku ƙyale shi, dankali uku bai kai nisabi ba." Daga nan ta je gaban Baba ta rage tsawo. "Baba, ka yafe mini. Bakina ya yi sauri." Ya ce, "Ba komai, Hajiya, aikinki kika yi." Maganar takardar sallama ba a sake tayar da ita ba.

Hukuncina kuwa Dakta da kansa ya yanke. Ya kai ni ɗakin gwaji, ya fito da wani ɗan faranti mai murfi da wani abu a daskare a ciki kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Ya ce in danna yatsuna biyar a kai. Ya saka shi a cikin wani akwatin katako da ya haɗa da hannunsa, da fitilar ƙwai a ƙasa tana ba shi ɗumi. Bayan kwana biyu ya kira ni. Ga shatin yatsuna nan biyar, kowanne ya tsiro da ɗige-ɗige, farare da rawaya, kamar an yi shuka. Ya ce, "Zana shi a littafin naka, tunda ka iya rubutu mai kyau." Na zana. Har rula na sa.

Sai da na yi zagaye uku a bayan tiyata kafin na iya shiga wurin Baba. Na durƙusa, na fara jawabin neman gafara da na shirya, ban kai rabi ba ya katse ni.

"Tashi, ɗana. Ka wanke hannu ka zo ka koyi naɗi. Amma dai ka gaya mini gaskiya: ba ka jin yunwa?"

Na ce a'a, Baba.

"To alhamdu lillahi. Gyatumar gidana ta damu ƙwarai, har ta ce gobe a ƙara maka da gyaɗa."

Daga wannan makon na koyi cewa idan na ga abin da ban gane ba, in buɗe baki kafin in buɗe littafi. Har yau ina jin kunyar tambaya, ban warke ba. Amma na ɗanɗana kunyar iri biyu, kuma ta tambaya minti ɗaya ce, a gaban mutum ɗaya.